Wa ya san Hellbilly Deluxe na Rob Zombie? Inason a warware min wannan kiɗan

Sabon_Kunne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar kiɗan rok ku matso ku fitar dani daga duhu.

Akwai wata waƙa da take tashi a fim ɗin The Matrix na farko, wajen da Neo ya shiga gidan rawa ya haɗu da Trinity, sai kwanan nan na bi diddigi na gano sunanta Dragula, ta wani ba'amurke Rob Zombie, kuma wadda aka saka a fim ɗin rimis ce ba ta asalin ba. Daga nan na nemo albam ɗin gaba ɗaya, Hellbilly Deluxe na 1998, waƙa 13 ne duka duka bai cika minti arba'in ba, na saurare shi tun daga farko har ƙarshe.

Gsky ya kama ni amma ya ɗaure min kai. Jitar kamar ba hannun mutum ke kaɗa ta ba, tana yankewa tana dawowa daidai wa daida ba kuskure ko ɗaya, gangar ma haka, sannan can ƙasa ƙasa kana jin muryoyin mutane suna magana irin na tsohon talabijin, mace ta ƙwala ihu, wani dattijo ya faɗi 'yan kalmomi da murya mai sanyi sai a datse. Abu na farko a albam ɗin ma ba waƙa bace, murya ce irin ta ƙaramar yarinya tana rero wani abu na 'yan daƙiƙu, kuma wlh ita tafi komai tayar min da tsikar jiki.

Abinda nakeso in sani, ya ake haɗa irin wannan sautin, kuma muryoyin nan daga ina suke, shi ya ɗauko mutane suka yi masa ko kuwa? Sannan naga ana rubuta wai indastiriyal rok ne, wasu suce metal, to meye bambancinsa da sauran rok ɗin da muka saba ji? Kuma me yasa mutum zai zauna ya gina albam guda sukutum akan gawarwaki da dodanni da maƙabarta, me yake nema? Ba zagi nake ba, son fahimta nake dan naji abin yana da wata fasaha da kunnena bai saba da ita ba.

MaiJita_Tsoho

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka faɗo hannu mai kyau, wannan albam ɗin na daga cikin waɗanda nake girmamawa sosai, bari in ɗan yi maka shimfiɗa.

Rob Zombie bada wannan ya fara ba. Yana da ƙungiya mai suna White Zombie da suka kafa a New York a 1985, sun daɗe suna fama a ƙananan wurare kafin duniya ta sansu, albam ɗinsu na ƙarshe Astro-Creep: 2000 ya fito a 1995 kuma a nan ne ka fara jin ya karkata sosai zuwa ga na'ura. Hellbilly Deluxe shine na farko da yayi da sunansa shi kaɗai, ya fito a watan Agustan 1998 a kamfanin Geffen, ba'a jima ba aka sanar White Zombie ta watse. Ya hau har lamba 5 a jadawalin Billboard na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, kuma an sayar da sama da kwafi miliyan 3 a Amurka kaɗai, wato ya wuce abinda mutane da yawa suka zata mutumin da ya bar ƙungiyarsa zai iya.

Yanzu maganar sauti. Kunnenka bai yaudare ka ba da kace kamar ba hannu ba. Hannu ne ya kaɗa, amma ba'a barshi yadda ya fito ba. A rok na gargajiya mutum huɗu ko biyar ke shiga situdiyo su kaɗa tare, mai ganga ya ɗan yi sauri nan ya ɗan ja baya can, wannan numfashin shike sa kaji da rai a ciki. A nan kuwa, shi da furodusansa Scott Humphrey sun gina abin ne a kwamfuta. Za'a kaɗa ɗan gajeren salo a jita, a ɗauka, a yanko inda yafi kyau, a daidaita shi kan ma'auni, sai a sa ya dinga maimaita kansa. Tsakanin bugu da bugu kuma a share duk wata ƙara da ta rage, shi yasa kake jin yankewar nan tsaf, shiru na ƙiftawar ido sannan ta sake faɗo maka. Ganga ma haɗi ce, akwai ta gaske da mutum ya buga, Tommy Lee mai gangar ƙungiyar Mötley Crüe ma ya buga a wasu waƙoƙin, akwai kuma ta na'ura a ƙarƙashi wadda bata gajiya bata canzawa. Idan ka lura bugun Dragula kusan na gidan rawa ne, dum dum dum a miƙe, sai aka ɗora masa jita mai nauyi wadda aka sassauta wayoyinta dan sautin ya sauka ƙasa. Wannan auren na bugun rawa da jitar metal shine zuciyar abin da ake cewa indastiriyal rok, kuma shi yasa rimis yake karɓarsa cikin sauƙi.

Muryarsa ma an taɓa ta, ana bi da ita ta na'urar da ke daƙusa sauti ta sa ya zama da tsatsa, wani lokaci a ninka ta biyu ko uku, ɗaya tana gurnani ɗaya tana raɗa.

Muryoyin da ka tambaya kuwa mafi yawansu yanko su akayi daga tsofaffin finafinan ban tsoro da tallansu. Dattijon da kaji a farkon Dragula, Christopher Lee ne, ɗan wasan Ingila da yayi suna da fitowa a Dracula, an ɗauko kalmomin ne daga wani fim baƙi da fari na 1960 mai suna The City of the Dead. Na farkon waƙar Living Dead Girl kuma daga tallan fim ɗin Lady Frankenstein ne. Akwai na'ura da ake kira samfula, aikinta kenan, ka bata kowane irin sauti, ƙarar ƙofa, ihu, tsawa, maganar mutum, ta adana, kai kuma ka dinga kunna shi a lokacin da kakeso kamar kowane kayan kiɗa, ka rage masa gudu ko ka juya shi ta baya. Abin da ke ɗaga hankali a ciki shine an raba maganar da inda ta fito. A cikin fim kasan waye yake magana kuma da wa yake, a nan kuwa murya ce kawai ba fuska ba dalili, kwakwalwarka ta shiga neman sauran labarin bata samu ba. Haka ma muryar yarinyar nan, abin da ka saba ji a wajen wasan yara aka kawo maka shi inda bai dace ba.

Me yasa dodanni? Mutumin nan a cikinsu ya tashi. An haife shi a 1965 a Haverhill ta jihar Massachusetts, iyayensa sunyi aiki da masu wasan kanibal (carnival), irin masu yawo gari gari da lilo da rumfunan kallo da ɗakin tsoratarwa, shi kuma yaro ne mai manne wa talabijin yana kallon finafinan dodanni da daddare. In ka samu ganin bangon albam ɗin da ɗan littafin ciki zaka gane, an tsara shi ne tamkar mujallar zane ta yara masu son dodo, hoton fuskarsa na bango ma Basil Gogos ne ya zana, wanda yayi suna wajen zana bangon mujallar Famous Monsters of Filmland. Ni a wajena albam ɗin nan rumfar tsoro ce ta kanibal da aka mayar sauti, ka shiga da ƙafarka, a razana ka, ka fito kana jin daɗi. Kuma an gina ta da ƙwarewa, babu waƙar da ta tsaya jan rai.

Karfe_da_Waya

Yaya MaiJita bayaninka na na'ura ya zauna daram, ba abinda zan ƙara. Amma inda zan rabu da kai shine kar ɗan uwanmu ya tafi da tunanin wai wannan shine indastiriyal. Wannan reshe ne na can ƙarshe, wanda aka goge aka shafa masa mai dan ya shiga rediyo da MTV.

Tushen abin a Ingila yake tsakiyar shekarun 1970, wasu da ake kira Throbbing Gristle suka kafa kamfaninsu Industrial Records a 1976, kuma su ba nishaɗi suka fito bayarwa ba, ƙara ce da kaset da aka yayyanka da maganganu akan kisa da azabtarwa da yadda hukuma ke juya mutane, so suke ka kasa zama lafiya. A Berlin ta Yamma kuma a 1980 Einstürzende Neubauten suka fito suna dukan tarkacen ƙarfe da bututu da injin huda bango a kan dandamali. Sai daga baya ƙungiyar Ministry ta Chicago, ta Al Jourgensen, ta ɗauko jitar metal ta haɗa da wannan wajen 1988, ga Nine Inch Nails ta biyo a 1989. A kan hanyar da waɗannan suka share Rob Zombie ya bi da motarsa.

In tsoro ake magana na haƙiƙa, ni Skinny Puppy zan nuna maka, 'yan Vancouver ta Kanada, sun fara a 1982. Su ma suna yanko muryoyi daga finafinan ban tsoro, tun kafin Rob Zombie ya shahara da hakan, amma abinda suke yi da su daban ne. Albam ɗinsu VIVIsectVI na 1988 akan gwajin da ake yi da dabbobi da ransu a ɗakunan bincike yake, akwai waƙa a ciki akan iskar guba da aka yi amfani da ita a yaƙin Iran da Iraƙi. Kaga dodon nasu ba daga kabari ya fito ba, farar riga yake sawa ko kakin soja, kuma yana nan da ransa. A rangadinsu na wannan shekarar mawaƙinsu Ogre yana kwaikwayon feɗe kare a kan dandamali da karen bogi, har aka kama su a Cincinnati bayan an zaci na gaske ne. Kuma wani abin baƙin ciki, daga baya suka samu labarin ana kunna wa fursunonin Guantanamo kiɗansu da ƙarfi dan a gallaza musu, a 2014 suka fito suka ce sun aika wa gwamnatin Amurka takardar neman dala 666,000. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna waƙa akan zalunci, aka ɗauki waƙar tasu aka yi zaluncin da ita.

Sannan albam ɗin The Downward Spiral na Nine Inch Nails, 1994. Jagoransu Trent Reznor ya kama hayar gidan nan na Cielo Drive a Los Angeles inda mabiyan Charles Manson suka kashe 'yar fim Sharon Tate da wasu mutum a 1969, tana ɗauke da tsohon ciki, ya kafa situdiyo a ciki. Ni har gobe wannan bai kwanta min ba, mutane ne na gaske suka mutu a wurin, suna da dangi, kuma shi kansa daga baya ya faɗa cewa haɗuwarsa da 'yar uwar Sharon Tate ce ta sa ya fara kallon abin ta fuskar waɗanda aka yi wa rashi. Amma albam ɗin kansa, ba dodo ko ɗaya a ciki, labarin mutum ne da yake rushe kansa da kansa mataki mataki, ya rabu da mutane, ya rabu da imani, ya faɗa ƙwaya, har ya kai bakin halaka. Ya buɗe da sautin ana dukan mutum, daga fim ɗin THX 1138 aka yanko, dukan yana ƙara sauri har ya zama shine gangar. Wannan shine amfani da samfula da ya kai amfani. Ka saurari wannan da daddare da hedifon sannan ka dawo kan waƙar Superbeast ta Hellbilly Deluxe kaga ko zata sake baka tsoro.

Ba raina Hellbilly nake ba fa, inada shi kuma ina kunnawa in zanyi aiki mai buƙatar kuzari. Kawai dai tsoronsa baya binka gida.

Yar_Majigi

Malam Karfe, ni kuma anan nake ganin ka rage masa haƙƙi. Kana auna shi da ma'aunin da bashi ya ɗauka ba. Waye yace dole sai tsoro ya bika gida kafin ya zama fasaha?

Ni ta ƙofar fim na shigo wannan kiɗan. Ku je ku kalli bidiyon Living Dead Girl. Gaba ɗayansa girmamawa ce ga The Cabinet of Dr. Caligari, fim ɗin Jamus na 1920 wanda ba'a magana a ciki, wanda Robert Wiene ya bada umarni, inda gidaje suke a karkace, tagogi ba daidai ba, inuwa ma fenti akayi aka zana ta a bango da ƙasa. Rob Zombie ya fito a matsayin likitan mai nuna abin mamaki a rumfa, Sheri Moon wadda ta zama matarsa ta fito a gawar da ke tashi, har rubutun da ake sakawa tsakanin fitowa da fitowa irin na finafinan wancan zamanin ya saka, hoton yana rawa yana dusashewa. Yara nawa ne a 1999 suka san akwai wani fim mai shekara kusan 80 a duniya irin wannan in ba dan wannan bidiyon ba? Ni dai ta nan na sanshi, daga shi na wuce Nosferatu na 1922, kuma har yanzu ban daina tono ba.

Dragula ma sunan mota ce a wani shirin barkwanci na talabijin ɗin Amurka, The Munsters, da akayi daga 1964 zuwa 1966, iyali ne na dodanni masu kirki da ke zaune a unguwa suna mamakin me yasa maƙwabta ke gudunsu, kakan gidan ya ƙera motar tsere da akwatin gawa. Kunga mutumin da ya ɗauki wannan ya mayar waƙa ƙauna ce ta sa shi, yana son abubuwan nan tun yana yaro kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Hujja kuma ai ta biyo baya, ya koma bada umarnin fim da kansa, House of 1000 Corpses a 2003, The Devil's Rejects a 2005, ya sake Halloween a 2007, a 2022 ma ya yi fim ɗin The Munsters ɗin da kansa. Finafinan nasa na farko suna da zubar da jini da rashin imani fiye da albam ɗin nesa ba kusa ba, ni wasu wuraren kauda kai nake, dan haka kar wanda yaji daɗin waƙar ya zaci fim ɗin ma wasa ne.

Abu ɗaya da yake ɗan ci min rai, fim ɗin White Zombie na 1932 da Bela Lugosi ya fito, wanda ƙungiyarsa ta ɗauki sunansa, a Haiti aka kafa labarin, a lokacin sojojin Amurka na mamaye da ƙasar tun 1915 sai 1934 suka fita, kuma da yawa daga baƙaƙen fatan da ke ciki bayi ne marasa baki da ke juya injin rake. Duk wannan al'adar ta gawa mai tafiya da Hollywood ke ci da ita daga nan ta faro, daga yadda baƙo ya kalli imanin mutanen da ya danne. Masu son irin wannan kiɗan da finafinan ya kamata mu san wannan.

Wani abin kuma Sabon_Kunne, rimis ɗin da kaji a Matrix, Charlie Clouser ne ya yi shi, ɗan Nine Inch Nails ne a lokacin, kuma shine daga baya ya yi kiɗan fim ɗin Saw na 2004. Kaga mutanen Malam Karfe da mutanen Yaya MaiJita ai situdiyo ɗaya suke shiga.

Sabon_Kunne

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Na koma na sake jin Dragula bayan karanta na Yaya MaiJita, yanzu ina iya rarrabe gangar na'ura da jitar da aka yanka, da can duk a dunƙule nake jinsu. Anti Yar_Majigi na kalli bidiyon, gidajen nan karkatattu sun fi min gawar ban tsoro.

Saura abu ɗaya da yake min nauyi a zuciya kuma gara in faɗa a fili. Na duba kalmomin waƙoƙin naga ana ambaton shaiɗan da mayu da jahannama, ga hotunan ma. Akwai masu cewa duk masu irin wannan kiɗan bautar shaiɗan suke a ɓoye. Gaskiya ne ko ƙage? Bana son in dinga jin abu da daɗi alhali bansan me nake sakawa a kunnena ba.

MaiJita_Tsoho

Tambayarka a kan hanya take ƙanena, kuma bazan baka amsar lallashi ba.

Wannan zargin ya girmi albam ɗin. A shekarun 1980 Amurka ta shiga wani ruɗani da ake ganin shaiɗan a komai, a kiɗa, a wasannin yara, a makarantun renon jarirai, an ɗaure mutane akan zarge zargen da daga baya suka rushe. A 1985 wasu matan manyan 'yan siyasa, cikinsu har da Tipper Gore, suka kafa ƙungiyar iyaye masu sa ido kan waƙoƙi mai suna PMRC, aka yi zama a majalisar dattawa akan kalmomin waƙoƙi, daga nan ne wannan tambarin gargaɗin iyaye baƙi da fari da kake gani a bangon albam ya samo asali. Bayan harbin makarantar Columbine a Afrilun 1999 kuma aka ɗora laifin kan mawaƙa irin su Marilyn Manson da KMFDM da Rammstein tun kafin a gama bincike, sai daga baya ta bayyana yaran da suka yi harbin ma ba masoya Marilyn Manson bane. Dan haka duk wanda yace maka dukkansu kaza ne, ka tambaye shi wa da wa, kuma da wace hujja.

Shi Rob Zombie shaiɗanin da ke cikin waƙarsa na fim ne, kayan wasa ne daga akwati ɗaya da Frankenstein da mayya mai tsintsiya, ba wa'azin wata aƙida yake ba, in ka bi kalmomin ma da yawansu basu haɗa labari ba, hotuna ne ake jefowa ɗaya bayan ɗaya saboda yadda suke faɗuwa a kan bugu. A rayuwarsa mutum ne mai aiki ba dare ba rana, ko nama baya ci. Wanda ya yi fice a wannan hanyar ta tsoratarwa a dandamali tun shekarun 1970, Alice Cooper, da macizai da wasan sare kai, ɗan mai wa'azi ne kuma kirista ne mai riƙo da addininsa a fili.

Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma anan nakeso ka buɗe ido. Antichrist Superstar na Marilyn Manson, 1996, da gangan yake yaƙar addinin kirista, ba wasan dodo bane. The Downward Spiral da Malam Karfe ya yaba, ni ma na yarda gwaninta ce, amma akwai waƙa a ciki mai suna Heresy da take zagin imani kai tsaye da kalmomin da ni bana iya maimaitawa, tsallake ta nake. Shi kansa Hellbilly bai tsira ba ta wani ɓangaren, akwai batsa a wasu waƙoƙin, ana haɗa sha'awa da gawa, mata kuma kusan kullum ko abin kallo ne ko abin yanka, wannan gadon finafinan da ya taso da su ne kuma ban ga dalilin kare shi ba. Abinda kayi na zuwa ka karanta kalmomin shine daidai, ka ci gaba da yin haka da kowane albam, wanda zuciyarka ta ƙi ka ajiye shi ko da kowa na yabonsa.

Karfe_da_Waya

Na yarda da Yaya akan Heresy, ya kamata a faɗa masa kafin ya kunna. Zan ƙara da cewa in kana cikin damuwa ko ƙunci a kwanakin nan kar ka fara da The Downward Spiral sam, albam ne mai nauyi kuma ƙarshensa akan mutum ne da ya yanke ƙauna da rayuwa, ka bari sai ranar da kake da ƙarfin zuciya.

Tunda sauti ne ya jawo ka ba kalmomi ba, ga shawarata. Ka nemi kiɗan da Trent Reznor ya yi wa wasan kwamfuta na Quake a 1996, kusan babu waƙa a ciki, gurnani ne da numfashi da ƙarar ƙarfe daga nesa, a nan zaka ji yadda ake gina fargaba da sauti mai zurfi da shiru kawai. Daga nan ka koma baya kan kiɗan Halloween na 1978 da John Carpenter ya yi da kansa, ɗan salon fiyano ne ƙarami amma bugunsa biyar biyar yake tafiya maimakon huɗu huɗu da jiki ya saba, shi yasa kake jin kamar ƙafarka ta rasa matakala ɗaya kullum. In waɗannan sun zauna maka sai ka gwada albam ɗin Too Dark Park na Skinny Puppy, 1990, kar ka yanke masa hukunci a ji na farko dan sautuka ne a kan sautuka sai kunne ya saba yake fara rarrabewa. Kuma da hedifon mai rufe kunne, sifikar waya tana cinye duk ƙasan sautin, rabin aikin a can yake, amma ka rage ƙara dan irin wannan kiɗan yana saurin gajiyar da kunne.

Anti Yar_Majigi maganar Haiti ta tsaya min a rai, in kina da wasu finafinan na wancan zamanin da suka taɓo wannan ki jero mana su, inaso in kalla kafin in sake cewa komai akan White Zombie.